Gam da Katako: Me Ya Sa Bakin Kabad Ke Ɓallewa da Hunturu?

Duk wanda ya bi titunan Malali a ƙarshen damina, ko na maƙwabtanta irin su Unguwar Rimi da Badarawa da Kawo, zai tarar da rumfunan kafintoci cike da aiki. Lokaci ne da iyaye da yawa ke shirin aurar da 'ya'yansu, kuma a al'adarmu nauyin kayan ɗaki yana wuyan uban amarya ne. Magidanci yakan yi shekara yana tara kuɗin gado da kabad da madubi. A kai kaya ɗakin amarya a watan Nuwamba suna ƙyalli, amma kafin Fabrairu ya ƙare sai a ga siririn katakon da aka rufe bakin ƙofar kabad da shi ya fara ɗagowa daga kusurwa, yana kama zane, daga baya yaro ya ja shi ya ɓalle gaba ɗaya. Daga nan sai cacar baki: mai kaya ya ce kafinta ya ha'ince shi, kafinta ya ce gam ɗin yanzu ne ba shi da kyau. Haka abin yake ga teburan ɗalibai a makarantunmu, inda kuɗin gyara ke fitowa daga aljihun iyaye.

Wannan matsala ta kimiyya ce tsantsa, kuma rabinta ilimin halittu ne, domin katako gawar bishiya ce da ba ta daina mu'amala da ruwa ba.

Yadda katako yake a ciki

Idan ɗalibi ya yanko ɗan siririn ɓawon itace ya sa a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, zai ga cewa jikin itace tarin bututu ne ƙanana, jere da juna daga saiwa zuwa reshe, kamar damin karan dawa da aka ɗaure. Waɗannan su ne ƙwayoyin zailam, waɗanda ke ɗaukar ruwa daga ƙasa zuwa ganye lokacin da bishiya ke raye. Bangon kowane bututu an gina shi ne da zaren selulos, wanda ya kai kimanin rabin nauyin busasshen katako a wasu itatuwa, sa'an nan wani sinadari mai suna liginin ya liƙe zaren da juna. Wato ke nan tun kafin ɗan Adam ya san gam, bishiya ta riga ta yi nata.

Selulos yana da son ruwa ƙwarai. A jikin kowace ƙwayarsa akwai wasu 'yan rassa na oksijin da haidirojin da ke janyo ƙwayoyin ruwa su riƙe. Saboda haka ko bayan an sare bishiya, an tsaga, an yi kujera da ita, katakon yana ci gaba da shan laima daga iska idan iskar ta jiƙe, yana kuma sakinta idan ta bushe. In ya sha sai ya kumbura, in ya saki sai ya tsuke. Abin lura shi ne, wannan motsi ba daidai yake ta kowace fuska ba. A tsawon katako, wato ta inda bututun suka miƙe, motsin bai taka kara ya karya ba, bai fi kashi 0.1 zuwa 0.2 cikin ɗari ba daga ɗanye zuwa busasshe ƙarau. Amma a faɗinsa, itatuwa da yawa kan tsuke da kashi 6 zuwa 10 cikin ɗari.

Yanzu sai mu dubi inda muke zaune. A Kaduna, cikin watan Agusta, laimar iska kan haura kashi 80 cikin ɗari. A tsakiyar hunturu kuwa, da rana, takan faɗo ƙasa da kashi 20. Masana katako sun auna cewa a laimar kashi 80, katako kan daidaita da ruwa kimanin kashi 16 cikin ɗari na busasshen nauyinsa, a laimar kashi 20 kuwa ruwan kan sauko kusa da kashi 4 ko 5. Kafintan Ingila ko na Legas ba ya fuskantar tazara mai faɗi haka a cikin shekara guda. Mu ɗauki katakon baki mai faɗin milimita 60, irin wanda ake kewaye tebur da shi don ya yi kauri a ido. In an manna shi a Satumba, zuwa Janairu zai iya tsukewa da kimanin milimita ɗaya da rabi. A ido kaɗan ne. Amma ƙarfin da katako ke ja da shi yayin tsukewa ya isa ya tsaga allo, balle ya ɗaga manne mai rauni.

Shi kuwa filawud dabarar ɗan Adam ce ta hana wannan motsi. Ana fere gungumen itace a kan inji kamar yadda ake warware bandir na yadi, a sami faifai sirara, sa'an nan a jera su ɗaya bisa ɗaya, kowane faifai zarensa ya gitta na ƙasansa, a manne da gam a cikin zafi da matsi. Adadin faifan galibi mara ne, 3 ko 5 ko 7 zuwa sama, domin fuskokin biyu su daidaita, allon kada ya lanƙwashe. Da yake kowane faifai yana riƙe maƙwabcinsa, allon filawud mai ƙafa 4 da ƙafa 8 ba ya wani motsi a tsawo ko a faɗi. A ƙasar nan an fara yinsa da yawa a Sapele, a masana'antar African Timber and Plywood ta kamfanin UAC, tun ƙarshen shekarun 1940. A yau kuwa da yawa daga wanda ake sayarwa a kasuwanninmu daga ƙasar Sin ake shigo da shi.

Aibin filawud yana bakinsa ne. Mai karatu ya duba gefen allon da aka yanka da zarto, zai ga layi-layi, wani fari wani duhu. Rabin layukan gefen bututu ne, rabi kuma bakunan bututu ne a buɗe. Gefen bututu yana karɓar gam da kyau. Bakunan kuwa tsotse shi suke yi zuwa ciki kamar yadda lagwani ke jan kananzir, su bar wurin haɗin da ƙishirwa. Ke nan wanda zai manna katako a bakin filawud yana aiki ne da fuskar da kusan rabinta ba ta son riƙe gam. In kuma filawud ɗin mai araha ne, za a tarar da ramuka a tsakanin faifan inda babu abin da gam zai kama ko kaɗan.

Gam na gargajiya

Ba sai an je kanti ba kafin a ga gam. Idan aka dafa ƙafar saniya ko ganda, aka bar romon ya huce, sai ya daskare yana danƙo a yatsa. Wannan kolajin ne, sinadarin furotin da ya fi kowane yawa a jikin dabbobi masu shayarwa, wanda zafi ya warware zarensa. Sunansa ma daga kalmar Girkanci ta gam aka samo shi. Da irin wannan gam na fata da ƙashi ne Misirawan dā suka yi aiki, kuma kayan katakon da aka samu a kabarin Fir'auna Tutankamun a 1922 shaida ne a kan haka. Yana da ƙarfi sosai, kuma ana iya kwance shi da ruwan zafi in ana son gyara, shi ya sa masu ƙera goge irin na Turawa ba su rabu da shi ba har yau. Sai dai abinci ne ga ƙwayoyin cuta da funfuna, daminarmu kuwa ba ta yi masa sauƙi, ga shi dole a shafa shi da zafinsa.

Ƙaro, wanda ake samu daga bishiyar dakwara a Borno da Yobe da Jigawa, almajirai sun san amfaninsa wajen haɗa tawada. Yana manne takarda, amma ruwa kaɗan ke narkar da shi, kuma in ya bushe farfashewa yake yi. Haka kokon rogo. Babu ɗaya a cikinsu da zai riƙe bakin tebur.

Farin gam da jan aikinsa

Farin gam ɗin nan da kowa ya sani, wanda a kasuwa aka fi kira da sunan Top Bond ko da wani kamfani ne ya yi shi, sinadarinsa shi ne folibainil asitet, wanda wani Bajamushe mai suna Fritz Klatte ya gano a 1912. Abin da ke cikin roba ƙananan ƙwayoyin leda ne da ido ba ya gani, suna yawo a cikin ruwa kamar yadda maiƙo ke yawo a cikin madara. Idan aka shafa shi tsakanin katako biyu aka matse, katakon ya tsotse ruwan, ƙwayoyin sai su matso, su narke cikin juna, su zama fata guda wadda ta kutsa cikin bututun itacen ta kuma riƙe selulos ɗinsa. Daga wannan bayani kaɗai ɗalibi mai lura zai iya fitar da dukan ƙa'idojin aiki da shi. Dole aƙalla ɗaya daga cikin fuskokin ta zama mai shan ruwa, don haka ba ya kama fenti ko leda da kyau. Dole katakon ya bushe, domin jiƙaƙƙen katako ba shi da wurin zuba wani ruwan. Dole kuma fuskokin su haɗu ƙam, saboda in ruwan ya tafi gam ɗin yana raguwa, ba ya cike gurbi.

Idan an cika waɗannan sharuɗɗa, haɗin da farin gam ya yi tsakanin gefen katako da gefen katako yakan fi katakon kansa ƙarfi. In aka karya da ƙarfin tsiya, itacen ne ke yagewa, layin gam ɗin yana nan. Bugu da ƙari yana da ɗan sassauci bayan ya bushe, yana iya bin ƙaramin motsin katako ba tare da ya fashe ba. A ganina, ga kabad da tebur da kantar littattafai da za su zauna cikin ɗaki, shi ne zaɓi na farko, kuma shi ne mafi araha.

Rauninsa biyu ne: ruwa da zafi. Shi ya sa ya kamata mai saye ya karanta jikin roba. Akwai wani ma'auni na ƙasashen Turai mai lamba EN 204 da ya kasa irin wannan gam gida huɗu, daga D1 zuwa D4. D1 na busasshen ɗaki ne kawai. D3 yana jure jiƙewa ta ɗan lokaci a kai a kai, da iska mai laima. D4 ya fi su duka jure ruwa. Kabad ɗin kicin, ko teburin da ake goge shi da jiƙaƙƙen tsumma kullum, D3 ya dace da su. Sa'an nan a guji gam ɗin da aka tsinka da ruwa don ya yi auki, ko wanda ya daɗe a rana har ya yi gudaji.

To me ya sa ba shi ake yawan amfani da shi a bakin filawud ba? Saboda yana buƙatar matsi da jira, kafinta kuwa yana da masu kaya uku a tsaye a kansa.

Nan ne gam mai warin nan ya shigo, wanda aka fi sani da sunan Evo-Stik. Asalinsa roba ce ta ƙirar masana'anta, niyofirin, wadda masanan kamfanin DuPont na Amurka suka gano a 1930, aka narkar da ita cikin sinadarai masu saurin tashi. A shafa a fuska biyu, a bari ya sha iska 'yan mintoci, a haɗa, nan take ya kama. Ba matsi, ba jira. Wajen shimfiɗa fomaika a kan faffaɗan tebur babu kamarsa, domin fomaika ba ta shan ruwa, fuskar kuma tana da faɗi, nauyin da ke kan kowane ɗan yanki kaɗan ne. Amma roba roba ce har abada. Idan aka ci gaba da jan ta a hankali, wata da watanni, sai ta riƙa saki tana zamewa, zafin Maris da Afrilu kuma ya ƙara mata laushi. Siririn katako da hunturu ya busar, yana ƙoƙarin lanƙwashewa, irin wannan jan ne daidai yake yi. Mafi yawan bakin kabad da ke ɗagowa, in aka leƙa ƙarƙashinsa, za a ga zare-zaren roba mai ruwan ƙasa. An sa gam mai kyau ne a aikin da ba nasa ba.

Akwai kuma batun lafiya da bai kamata malami ya tsallake ba. Sinadaran da ake narkar da irin wannan gam a cikinsu, kamar toluwin da heksen, suna kama wuta da sauri, kuma shaƙarsu a kai a kai na lalata ƙwaƙwalwa da jijiyoyin hannu da ƙafa. Dangin abin da wasu matasa ke shaƙa ne da sunan sholisho. Yaron shago da ke wuni yana shafa shi da yatsa a cikin rufaffen ɗaki yana shaƙar gubar ne ba da niyya ba. A yi aikin a fili, a shafa da ɗan faifai, a nisanta da wuta.

Sauran kuwa kowane da gurbinsa. Gam ɗin gari na yuriya da fomaldihaid, wanda ake kwaɓawa da ruwa, yana sandarewa ƙam kamar gilashi, ba ya zamewa, kuma shi da danginsa ne ke riƙe faifan filawud ɗin kansa. Da shi aka maye gurbin gam ɗin madara wajen ƙera Mosquito, jirgin saman yaƙi na katako da Ingila ta yi amfani da shi a Yaƙin Duniya na Biyu. Amma yana fitar da iskar fomaldihaid, wadda hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa a jerin abubuwan da ke haddasa cutar a 2004. Wannan ma dalili ne na barin sabon kayan filawud ya sha iska kafin a rufe ɗaki a kwana da shi. Ifoksi, mai kwalba biyu irin su Araldite, yana cike gurbi da ƙarfi, kuma yana kama itace mai maiƙo kamar tik, sai dai tsadarsa ta hana a yi doguwar ƙofa da shi. Foliyuritan yana jure ruwa, amma laima yake buƙata kafin ya kama, don haka da hunturu sai an ɗan jiƙa fuska ɗaya. Kumfar da yake yi kuma tana ruɗin mutane, su zaci ta cike gurbi alhali ba ta da ƙarfi. Sufa gulu na gyaran ɗan tsage ne kawai.

Abin da ya fi zaɓin gam

Ko da an sayi gam mafi tsada a Kaduna, ɗanyen katako zai kunyata shi. Yawancin katakon da ake sayarwa, ko maɗaci ne ko malaina ko doka ko waɗanda ake kawowa daga kudu, ana tsaga shi ne a sayar kafin ya bushe. Ɗanyen katako ba ya ma fara tsukewa sai ruwansa ya sauko ƙasa da kimanin kashi 30 cikin ɗari, don haka yana iya bushewa a taɓi alhali duk motsinsa yana gaba. Kafinta mai hangen nesa yakan tsaga katakon baki tun da wuri, ya jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, ya bar shi makonni. Sa'an nan ya rage faɗinsa: siriri mai kaurin milimita 6 zuwa 10 motsinsa kaɗan ne, ƙarfin jansa kuma bai kai ya rinjayi gam ba.

Wajen mannawa, a fere fuskokin biyu su miƙe, a kakkaɓe ƙura. A fara shafa gam kaɗan a bakin filawud a bar shi mintoci biyu ko uku, domin bakunan bututun nan su sha su ƙoshi, sa'an nan a ƙara shafawa a haɗa. Da hunturu a yi hanzari, domin busasshiyar iska kan sa gam ya yi fata a sama cikin ɗan lokaci, kuma gam mai fata ba ya kamawa. Wanda ba shi da ƙarfen matsi kada ya ce ba hali. Tsohuwar robar cikin tayar keke ko ta babur, in aka yanka ta tsiri-tsiri aka naɗe aikin da ita tamau, tana ba da matsi mai kyau ko'ina daidai. 'Yan ƙananan ƙusoshi suna hana katakon zamewa, amma taimako ne kawai suke yi, ba su ne ke riƙon ba. Alamar cewa gam da matsi sun isa ita ce a ga 'yan ɗigo-ɗigo sun fito a tsawon layin gaba ɗaya. A bar matsin aƙalla awa guda, kada kuma a wahalar da haɗin sai ya kwana.

Akwai wani kuskure da ko ƙwararru kan yi. Ruwan gam yakan kumbura katakon da ke daf da layin haɗi. In aka goge da sanfefa nan take har ya daidaita, bayan kwana biyu wurin ya bushe ya koma, sai a ga ɗan kwari a tsawon layin, wanda fenti mai ƙyalli ke ƙara tonawa. A jira kwana ɗaya ko biyu kafin a goge. Daga ƙarshe a shafe aikin da banish ciki da waje, har ƙarƙashi inda ido ba ya gani, domin katakon da fuska ɗaya kawai aka rufe yana shan laima ta gefe guda ne, ya lanƙwashe.

Malaman kimiyya da na aikin katako, ko a Kwalejin Gwamnatin Tarayya da ke Malali ko a kwalejin koyon sana'a ta unguwar ko a kowace sakandare, za su iya gwada duk wannan da kuɗi kaɗan. A yanka guntayen filawud guda shida da siraran katako shida masu tsawo ɗaya. A manna uku da farin gam, uku da gam mai wari. A ajiye biyu, ɗaya daga kowane iri, a cikin aji. Biyu a rufe su cikin bokiti tare da jiƙaƙƙen tsumma na mako guda sa'an nan a shanya su a rana mako guda, a maimaita haka sau uku. Biyun ƙarshe a rataya musu dutse mai nauyi ɗaya a bakin katakon, a bar su wata guda a wuri mai zafi. Bayan haka a ɓamɓare kowanne, ɗalibai su duba fuskar da ta rabu, su ƙiyasta kashi nawa ne itace ya yage, kashi nawa ne gam ya saki. A gefe guda kuma a ajiye guntun katako ɗaya wanda ba a shafa wa komai ba, a riƙa auna nauyinsa da faɗinsa ranar farko ta kowane wata daga Agusta zuwa Maris, a zana sakamakon a takardar jadawali. Makarantar da ke da tanda ta ɗakin gwaji za ta iya busar da guntun a zafin digiri 103 har nauyinsa ya daina raguwa. In ya shiga da giram 115 ya fito da giram 100, ruwan da ke cikinsa a ranar kashi 15 ne cikin ɗari.